Dodo, Takobi Da Ɗan Ludo: Shin Wasan Tatsuniya Zai Iya Kuɓuta Daga Siyasa?

Mutum biyar ne zaune kewaye da tebur, kowa da takarda da fensir a gabansa. Huɗu daga cikinsu kowanne ya shiga rigar wani jarumi na ƙage: wannan mayaƙi ne, wannan matsafi, wancan ɓarawo, na huɗun kuma malamin addini mai warkar da raunuka. Na biyar shi ne madugun wasa, wanda labari ke hannunsa. Sai ya dube su ya ce: “Kun gama da dakarun da ke gadin kogon. Kun kutsa ɗaki na ciki, kun tarar da matan dodannin da 'ya'yansu ƙanana sun takure a lungu, babu makami a hannunsu. Me za ku yi?” Tebur ya yi tsit. Ɗaya ya ce a hallaka su, ai ɗan dodo dodo ne, gobe zai girma ya afka wa ƙauye. Wani ya ce sam, shi bai ɗauki takobi don ya kashe yara ba. Mutanen da suka taru don su huta daga hayaniyar duniya, ga su nan suna gardama kan dokokin yaƙi.

Ba ni na ƙago wannan matsala ba. Tana cikin wani ɗan littafin wasa mai suna The Keep on the Borderlands, wanda Gary Gygax ya rubuta aka buga a Amurka a 1979, aka kuma riƙa saka shi cikin akwatin koyon wasan Dungeons & Dragons na masu farawa. Marubucin ya lissafa yawan mata da yaran da ke cikin kogunan, ya bar wa 'yan wasa shawarar abin da za su yi da su. Fiye da shekara 40 ke nan masu wannan wasa suna cacar baki a kan wannan ɗaki na ciki.

Ga wanda bai taɓa ganin irin wannan wasa ba, sai ya ƙaddara tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da hannu a cikinta. Madugu yana siffanta wuri da abin da ke faruwa, 'yan wasa su faɗi abin da jarumansu za su yi, sannan a jefa ɗan ludo, wanda mafi shahararsa mai fuska 20 ne, don a ga ko abin ya yiwu ko ya ci tura. Idan an sami saɓani, littafin ƙa'idoji ne alƙali. Babu wanda ke cinye wasan, kuma labari ɗaya kan ɗauki watanni ko shekaru ana haɗuwa a kansa mako-mako.

Gygax da abokin aikinsa Dave Arneson ne suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, ta hannun wani ƙaramin kamfani mai suna TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin. Kwafi 1,000 kacal aka buga a karon farko. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, shi ma katafaren kamfanin kayan wasa na Hasbro ya saye shi a 1999. Yau masu wasan suna iƙirarin cewa fiye da mutum miliyan 50 sun taɓa buga shi.

Mai karatu zai iya cewa, to mu ina ruwanmu da wasan Turawa? Ruwan namu shi ne, galibin wasannin yaƙi da dodanni da matasanmu ke bugawa a waya da kwamfuta daga wannan tushe suka gaji tsarinsu: tara maki, hawa mataki, ƙidayar jinin jarumi, zaɓen jinsi da sana'a. Duk tunanin da aka zuba a tukunyar farko, to ana nan ana shan romonsa a Kano da Zinder, ko da ba a san sunan mai girkin ba.

Gardamar da ake yi

Tun daga wajejen 2020 masoya wannan wasa suka rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya na cewa a fitar musu da siyasa daga tebur. A ganinsu wasan mafaka ne, inda mai goyon bayan wannan jam'iyya da mai goyon bayan waccan za su haɗa kai su yaƙi dodo, kuma kamfanoni ne suka lalata shi da cusa aƙidun zamani. Ɗaya ɓangaren na cewa ai siyasar tana nan tun fil azal, waɗanda ta yi wa daɗi ne kawai ba su lura da ita ba. Rikicin ya yi tsamarin da a Nuwamban 2024 attajirin nan Elon Musk ya fito ya caccaki kamfanin saboda gabatarwar wani littafin tarihin wasan da ta soki wasu abubuwa na bugun farko, har yana tambayar nawa ne kuɗin Hasbro.

Kafin a yanke hukunci ya kamata a tsaya a kan kalmar ita kanta. Mun ari “siyasa” daga Larabci, inda asalinta ke nufin kulawa da sarrafawa, har ma da horar da doki. A bakin Bahaushen da, idan aka ce an yi wa mutum siyasa, ana nufin an bi da shi a hankali ko an yi masa rangwame. A bakin Bahaushen yau kuwa, da an ce siyasa sai hankali ya tafi ga jam'iyya da kamfen da akwatin zaɓe. Amma akwai ma'ana mafi faɗi wadda masana ke nufi: wane ne ke da iko, wa ya ba shi, ƙasar ta wace ce, wa ake lissafawa a matsayin mutum, wa kuma aka halatta jininsa. Yawancin masu gardamar nan ɗaya yana magana ne a kan ma'ana ta biyu, ɗayan a kan ta uku, shi ya sa ba sa jin juna. Matsayina shi ne, wasa zai iya wanke hannunsa daga kamfen, amma ba zai iya wanke shi daga batun iko ba. Ga dalilaina.

Asalinsa a barikin soja yake

Wannan wasa jikan wasan yaƙi ne. A 1824 wani hafsan soja na daular Furushiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wani wasa da ake yi a kan taswira, wanda ya gyara daga na mahaifinsa. Ana kiran sa Kriegsspiel, wato wasan yaƙi. Rundunar ta karɓe shi don horar da hafsoshi, kuma bayan Furushiya ta murƙushe Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sojojin wasu ƙasashe suka yi rububin kwaikwayonsa. A cikin wannan wasa ne aka sami alƙali mai zama tsakani, wanda shi kaɗai ya san duk abin da ke kan fage. Shi ne kakan madugun wasa na yau. A 1913 marubucin nan na Ingila H.G. Wells ya fitar da Little Wars, ƙa'idojin yaƙi da sojojin dalma don nishaɗin farar hula, kuma ko shi sai da ya rufe littafin da jan hankali kan wautar yaƙi na gaske.

A ƙarshen shekarun 1960 wani matashi a jihar Minnesota mai suna David Wesely ya gwada wani sabon abu da ya kira Braunstein. Maimakon kowa ya ja runduna, sai ya ba kowane ɗan wasa mutum guda a wani garin Jamus na ƙage a zamanin Napoleon: wannan magajin gari, wannan mai banki, wancan shugaban jami'a, wasu kuma ɗalibai masu neman tayar da ƙayar baya. Wani zagaye na wasan ma a kan juyin mulki aka gina shi, a wata ƙasar ƙage ta Latin Amurka. Arneson yana cikin 'yan wasan, kuma daga nan ya ɗauki dabarar ya kai ta duniyar takubba da tsafi. Ke nan tun kafin dodo ya shigo fage, ƙulle-ƙullen neman mulki ne abincin wasan.

Abin da ƙa'idoji ke sakawa a kai

Hanya mafi sauƙi ta gane aƙidar wasa ita ce a duba abin da yake ba da lada a kansa. A bugun farko na Dungeons & Dragons, jarumi yana samun maki ne ta kashe dodanni, amma mafi yawa ta kwaso dukiya: kowane tsabar zinare guda da aka fito da shi daga rami maki ne. Idan mayaƙi ya kai babban mataki, ƙa'ida ta ba shi damar ya share daji daga dodanni, ya gina fada mai ganuwa, ya zama hakimi, ya riƙa karɓar harajin zinare 10 a kan kowane talaka duk shekara. A taƙaice, tafarkin nasara shi ne ka fita daga garin masu wayewa, ka shiga dajin da wasu halittu ke zaune, ka kashe su, ka kwashe abin da suka mallaka, ka kafa mulki a kan ƙasarsu. Masu nazari da dama sun lura cewa wannan ya fi kama da labarin yadda Turawa suka mamaye yammacin Amurka fiye da ainihin Turai ta zamanin sarakuna, inda ɗan talaka ba ya zama hakimi don kawai ya tara zinare. Mu da aka yi wa mulkin mallaka ba ma buƙatar dogon bayani kafin mu gane wannan hoto.

A littafin 'yan wasa na 1978 an ƙayyade iyakar ƙarfin da jaruma mace za ta iya samu, ƙasa da na namiji, a duniyar da matsafi ke tashi sama yana jifa da wuta. An kuma sa wa jinsunan da ba 'yan Adam ba iyakar matakin da za su kai a yawancin sana'o'i. Sannan kowace halitta an rubuta mata ɗabi'arta a gefen sunanta: wannan mai bin doka ce, wannan mai fitina, wannan nagari, wannan mugu.

Ba ina cewa Gygax ya zauna ne da niyyar yaɗa wata aƙida ba. Mutum ne da ya yi aikin inshora, ya rasa aikin, ya koma gyaran takalma a gidansa, yana son littattafan jarumta da finafinan da ya tashi da su. Amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da mutum ya ɗauka a matsayin “haka duniya take” shi ne siyasar da ta fi zurfi a cikinsa, domin ita ce ba ya jin buƙatar karewa. Wasu marubutan sun yi nasu kukan daban. A Ingila a 1986 aka fitar da Warhammer Fantasy Roleplay, inda ɗan wasa kan fara a matsayin mai kamun ɓera ko mabaraci, kuma mugun da ya fi haɗari yakan kasance cikin fadawa da attajirai ne. Dodanni iri ɗaya, amma ra'ayi daban game da inda ɓarna take fitowa.

Wane ne dodo?

Nan ne gizo ke saƙar. Jinsin Orc, waɗanda su ne abincin takobi a yawancin waɗannan wasanni, an aro su ne daga littattafan J.R.R. Tolkien, musamman The Lord of the Rings na 1954 da 1955. Tolkien ba mai goyon bayan wariyar launin fata ba ne. A 1938 ya rubuta amsa mai zafi ga wani kamfanin ɗab'i na Jamus da ya nemi sanin tsarkin asalinsa, kuma a 1959 ya bayyana ƙiyayyarsa ga tsarin wariya na Afirka ta Kudu, ƙasar da aka haife shi. Duk da haka, a wata wasiƙa ta 1958 ya kwatanta kamannin Orc da wani lalataccen nau'i na kamannin mutanen Mongol. Kuma a matsayinsa na Kirista mai riƙo da addini, ya daɗe yana fama da tambayar da ya jawo wa kansa: ta yaya halitta mai hankali da magana za ta zama muguwa tun daga haihuwa, ba ta da ƙofar tuba? Ya rasu bai daidaita a kan amsa guda ba.

Wasan ya gaji dodon, ya bar damuwar. An siffanta Orc a matsayin ƙabilu marasa wayewa, masu son jini, masu saurin hayayyafa. A wani littafi na 2016 har an rage musu maki 2 na basira. Akwai kuma jinsin Drow, waɗanda aka yi su baƙaƙen fata, mugaye, mazauna ƙarƙashin ƙasa, alhali 'yan uwansu nagari galibi farare ne. Masu kare tsohon tsari na cewa ai Orc ba kowa ba ne, halitta ce ta ƙage. Gaskiya ne. Sai dai kalmomin da aka siffanta shi da su ba na ƙage ba ne. Su ne kalmomin da ke cikin rahotannin 'yan mulkin mallaka game da mutanen Afirka da Asiya da 'yan asalin Amurka.

A Yunin 2020, ana tsakiyar zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd, kamfanin Wizards of the Coast ya sanar cewa daga yanzu zai riƙa nuna Orc da Drow a matsayin al'ummu masu nagari da mugu kamar kowa. Ya kuma gyara yadda ya siffanta wata ƙabilar ƙage mai suna Vistani, wadda aka gina a kan ƙazafin da ake yi wa Romawan Turai masu yawo. A 2022 ya nemi afuwa kan wani jinsin birai masu tashi da aka ba su tarihin bauta mai kama da zanen cin mutuncin baƙar fata na da. A bugun 2024 kuma ya daina amfani da kalmar Ingilishi mai nufin launin fata wajen rarraba jarumai, ya maye gurbinta da mai nufin nau'in halitta. Waɗannan sauye-sauye ne masu cewa “a cire siyasa” ke kuka da su. Amma idan cire makin basira daga wani jinsi siyasa ce, to sanya shi tun farko mece ce? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Siyasar da ta zo daga waje

Masu begen zamanin da wasan ke zaune lafiya sun manta da shekarun 1980. A lokacin, wasu ƙungiyoyin Kiristoci masu ra'ayin riƙau a Amurka sun yi wa wasan ca, suna zargin sa da koyar da tsafi da bautar shaiɗan. Wata uwa mai suna Patricia Pulling, wadda ɗanta ya kashe kansa a 1982, ta ɗora alhakin a kan wasan, ta kafa ƙungiyar yaƙi da shi a 1983. A 1985 shahararren shirin talabijin na 60 Minutes ya yi zama a kan batun, wasu makarantu kuma suka haramta wasan. Kotu ta yi watsi da ƙarar da matar ta shigar, amma matsin ya yi tasiri. Da aka fitar da sabon bugu a 1989, kamfanin TSR ya cire sunayen shaiɗanu da iblisai, ya kuma cire sana'ar makashin haya. Wato wasan ya sunkuya wa matsin masu ra'ayin riƙau a 1989, kamar yadda ya sunkuya wa na masu ra'ayin sauyi a 2020. Iskar ce ta juya, reshen bai daina kaɗawa ba.

Hukuma ma ba ta ɗauki wasan a matsayin wasa kawai ba. A 2004 wani gidan yari a Wisconsin, jihar da aka haifi wasan, ya hana fursunoni buga shi ya kuma ƙwace littattafansu. Hujjar jami'an ita ce, tsarin madugu da mabiyansa ya yi kama da tsarin gungun 'yan daba. A Janairun 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da haramcin. Duk inda mutane suka taru suna ƙaddara wata duniya dabam a ƙarƙashin jagoran da suka zaɓa da kansu, mai mulki yakan sa ido.

Hujjar masu neman mafaka

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin ba duka maganarsu ce shirme ba. Tolkien da kansa, a laccar da ya gabatar a 1939 kan tatsuniyoyi, ya kare masu gudu zuwa duniyar ƙage. Ya bambanta tsakanin fursunan da ke neman tserewa daga kurkuku da sojan da ya gudu daga fagen fama, yana mai cewa bai kamata a zargi na farkon ba. Ma'aikacin da ya wuni yana fama da tsadar rayuwa da labaran tashin hankali yana da haƙƙin ya sami awa uku da zai zama jarumi, inda mugu mugu ne, kuma ana iya cin galaba a kansa kafin a tashi. Tolkien ya kuma nuna ƙyamarsa ga labarin da marubuci ke tilasta wa mai karatu fassara guda. Madugun da ya mai da teburinsa mumbari, ya tsara labari yadda duk wanda bai bi ra'ayinsa ba zai faɗi, ya ci amanar wasan, domin ruhin wasan shi ne zaɓi. Akwai ma wasannin da masu aƙidar fifikon farar fata suka wallafa musamman don farfaganda, kuma ko ta fuskar wasa ba su da daɗi.

Haka nan, wanda ya yi shakkar tsarkin niyyar kamfanoni bai yi laifi ba. Hasbro ɗan kasuwa ne. A Janairun 2023 kamfanin da ke wa'azin haɗa kowa da kowa ya yi yunƙurin sauya lasisin da tun 2000 ya ba ƙananan mawallafa damar gina littattafansu a kan ƙa'idojin wasan kyauta. Sai da dubban masoya suka yi bore, suka fara janye kuɗinsu, sannan ya janye. Wannan ma rikici ne na iko da mallaka, kuma a nan ɓangarorin biyu masu gaba da juna sun tsaya a sahu ɗaya.

Amma ko hujjar fursunan ba ta fitar da mu daga batun ba. Abin da fursuna ke mafarki yana nuna irin kurkukun da yake ciki. Wanda ke gudu zuwa duniyar da sarki adali ne kuma maƙiyi a fili yake, yana faɗa mana abin da ya rasa a tasa duniyar. Sannan ba kowa ne ke iya hutawa a mafaka ɗaya ba. Yarinyar da ta buɗe littafi ta ga an rage wa jarumarta ƙarfi, ko saurayin da ya ga duk baƙar halitta muguwa ce, sun gudo daga kurkuku ne suka tarar da wani a gabansu.

Mu ma mun san wannan

Adabinmu shaida ne. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, ya fara ne da jarumi yana yaƙar Turawan mamaya, ya wuce ƙasashen aljanu, ya dawo ya tarar da sabon zamani ya kuma saki jiki da shi. Hukumar 'yan mulkin mallaka ce ta buga littafin. A littafi na farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, hikayoyin da aku ke bayarwa dabara ce ta kare ɗan sarki daga makircin waziri. Labarin Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu labari ne na jarumi da dodo, amma a kansa aka jingina asalin sarautun Hausa Bakwai, aka kuma ware wasu ƙasashe aka laƙaba musu suna na raini. A wasan kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samari da 'yan mata kan naɗa sarki da alƙali da gwamna a tsakaninsu, su yi shari'a, su ci tara, jama'a na dariya. Magabata sun san abin da suke nufi da suka ce da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya.

Shi ya sa batun wanda ke riƙe da alƙalami yake da muhimmanci. Shekara da shekaru, Afirka a waɗannan wasanni kurmi ce mai cike da cuta da matsafa da kufai, inda baƙo ke zuwa neman dukiya. Ko a 2017 an soki littafin Tomb of Annihilation kan irin wannan hoto. A 2021 kamfanin Paizo ya sake rubuta nasa yankin mai kama da Afirka, Mwangi Expanse, da hannun marubuta baƙaƙen fata da dama, inda aka ba da labarin daga bakin mazauna wurin. Allan Cudicio, wanda ke da asali a Ghana da Italiya, ya ƙirƙiri The Wagadu Chronicles a kan almarar Afirka. A shekarar 2021 ɗin ne kuma kamfanin wasannin tebur na NIBCARD da ke Abuja ya lashe kyautar Diana Jones, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan wannan fage. Ƙofa a buɗe take ga duk matashin da zai gina duniyar wasa daga tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, ko ayarin fatake, ko birane masu ganuwa. Sai dai ranar da ya zauna rubutu, shi ma tambayar za ta same shi: wa zai sa a kogo, wa zai sa a fada? Idan ya mai da wata ƙabila ta maƙwabta dodanninsa, ya aikata abin da yake zargin wasu da shi.

Amsar tambayar da muka faro da ita ke nan. Ana iya yin wasan da babu tutar jam'iyya, babu wa'azi, babu tilasta ra'ayi, kuma irin sa ne ya fi daɗi. Amma duniyar da ke da sarki da haraji da iyaka da yaƙi, kuma aka ce babu siyasa a cikinta, ba a taɓa ƙirƙirar ta ba. Abin da ya rage wa marubuci da madugu shi ne su san abin da suka zuba a labarinsu, su kuma bar wa 'yan wasa sararin yin gardama da shi.

Mu koma teburin nan na farko. Bayan mai cewa a kashe da mai cewa a bari sun gaji da musu, sau da yawa akan sami na uku da zai ɗago kai ya tambayi madugu: “Wai shin, su wa suka fara zama a wannan kwari, mu ko su?” Littafin ƙa'idoji bai tanadi amsa ba, ɗan ludo ma ba zai yanke ba. Dole mutanen biyar su yanke da kansu, kuma kowannensu zai tashi daga teburin ya san wani abu game da abokansa wanda bai sani ba kafin a zauna.